Ranar da Na Ƙetare Layin Yakuwa

Ba zan taɓa mantawa da daminar 1977 ba, kuma ko na so in manta, akwai mutanen wani ƙauye da suka ɗauki nauyin tuna mini har ƙarshen rayuwata.

A lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, sabon malamin firamare, cikin waɗanda aka yi wa horon gaggawa aka watsa ƙauyuka da aka buɗe makarantun ilimi kyauta. Ni ɗan cikin garin Gumel ne, mahaifina tela. Tun ina ƙarami hannuna bai san komai ba sai almakashi da alƙalami. In za a tafi gona ni ake bari tsaron shago, in kuma an matsa sai na je, ciwon kai yakan kama ni daidai ƙofar gari. Aka tura ni wani ƙauye tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar (ba zan faɗi sunansa ba, masu dariyar da ke can sun ishe ni, ba na son a ƙara musu jama'a). Na isa da akwatin ƙarfe ɗaya, rabinsa tufafi, rabinsa 'yan ƙananan littattafan soyayya irin waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa ranar kasuwa. Na karance su har bangonsu ya fita. A cikinsu na koyi cewa saurayi na gaske kallo ɗaya yake yi ya rame, kuma in ya je gaban mahaifin yarinya yakan zuba jawabi mai shafi biyu, har tsohon ya share hawaye da bakin rawani ya ce, "Na ba ka."

Malama ɗaya tak ce a makarantar, sunanta Hurera. 'Yar ƙauyen ce, ta yi kwalejin horon malamai mata ta dawo tana koyar da 'yan aji ɗaya. Ranar da na fara ganinta tana raba wasu yara biyu da ke dambe a kan guntun alli, ta riƙe kunnen kowanne da hannu ɗaya. Amma ni abin da na gani shi ne farin wata ya sauko filin makaranta. (Haka littattafan suka ce a gani, ni kuwa ɗalibi ne mai biyayya.) Na shiga rubuta wasiƙu, ina zana fure a kowace kusurwa da jan biro na duba aikin yara. Ta huɗu ce ta samu amsa, ita ma ba a rubuce ba. Ta tare ni a bakin rijiyar makaranta ta ce, "Malam, na karanta. Taurarin nan da furannin duk na gode. Amma Baba ba ya karatun boko, da baki ake yi masa magana. In da gaske kake, ka san gidanmu."

To, a nan matsalar take. Ni a takarda sarki ne, amma in aka ce in tsaya gaban wani babba in yi magana mai muhimmanci, sai jikina ya yi mini tawaye. Zuciya ta riƙa bugawa kamar ana daka a ƙirjina, tafin hannu ya jiƙe, harshe ya manne a ganɗa, kai kuma ya zama fanko, ko sunana sai na yi tunani.

Mahaifinta, Malam Bukar, dogon Bamange ne, wato reshen Barebari, mai ƙarancin magana, kullum bayan la'asar yana zaure yana tufkar igiya. Zuwana na farko na haddace jawabina tsaf, na sa farar rigar da mahaifina ya ɗinka mini. Na durƙusa, na buɗe baki da la'asar sakaliya na ce, "Ina kwana." Ya amsa, bai ko yi murmushi ba. Muka zauna. Igiya tana ƙara tsawo, ni ina ƙara gajarta. Can ya ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce, "Ruwa." Aka kawo mini ruwa a moɗa, na sha, na yi godiya, na tafi. Zuwa na biyu na ɗauki goro. Wannan karon na samu na haɗa jimla guda cikakkiya: "An yi ruwa jiya." Ba a yi ba. Kwana tara rabon ƙauyen da ɗigo. Malam Bukar ya leƙa waje, ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "A gonar wa?"

Washegari Hurera ta same ni a ofishin malamai, ba ta dariya. Ta ce, "Baba ya ce ya ga wani dogon malami sau biyu, amma bai san da me ya zo ba. Ya ce ba zai ce wa mutum ya turo magabatansa ba alhali bai san ko yana da harshe ba. Kuma ka san ba kai kaɗai kake zuwa zauren nan ba."

Na sani. Akwai Ɗan'azumi, mai fataucin dabbobi a kasuwar Maigatari, mai babur da rediyo da bakin da zai sayar maka da akuyarka ka yi godiya. Ta ce nan da mako uku za a yi gayyar maimai a babbar gonar Malam Bukar, wato noma na biyu, kuma duk mai neman wani abu a gidan zai halarta. Ranar ce Baba ya ce zai yanke magana. "Ni dai na faɗi nawa a cikin gida," in ji ta. "Saura naka. In ka sake neman ruwa, shi ke nan."

Daga ranar abinci ya daina shiga. Barci sai gutsure-gutsure. Yara su tambaye ni abu in tsaya ina kallonsu. Wata safiya na juya zan rubuta kwanan wata a allo, sai da 'yan aji huɗu suka fara ƙus-ƙus na lura sunanta na rubuta, har da fure. Ni a lissafina wannan ita ce ramar da littattafai suka yi alkawari, har ina ɗan jin daɗi in an ce na faɗa.

Wanda ya ɓata mini wannan lissafin shi ne Kofur Ɗanladi, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin basasa aka ba shi gadin makaranta. Shi ke kula da gonar makaranta, shi ke sa yara fareti da safe. Ya tarar da ni a gindin dalbejiya na tasa kofin shayi ina kallo, cokali na ƙara a jikin kofin saboda rawar hannu.

Ya ce, "Malam, kai ciwonka zama ne."

Na ce, "Ciwona so ne, Kofur."

"So ba ya sa cokali kuka. Wannan tsoro ne, na san shi, rami ɗaya muka kwana da shi." Ya zauna a kan tushen bishiyar ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. "In tsoro ya zo, jiki wuta yake hurawa don ka gudu ko ka yi faɗa. Kai kuma sai ka zauna a kan wutar kana zanen fure. Ina za ta je? Sai ta hau kai. A can fagen yaƙi, yaron da ya samu wuri ya zauna yana tunani, shi ke fara jin abin da babu. Wanda aka sa gudu da haƙan rami har rigarsa ta jiƙe, shi ke barci. Kuma gobe in abu ya ɓaci, shi ke tuna inda ya ajiye takalminsa."

Na ce ko ya san wani malami mai rubutun sha na kwarjini. Ya ce ya sani, in zo gobe bayan sallar asuba. Na zo da ɗokina, sai ya miƙo mini ashasha, doguwar hauyar nan ta ƙasarmu mai yashi, mai baki kamar jinjirin wata, wadda ake turawa a tsaye. Ya ce, "Ga rubutun. Ga allon," ya nuna gonar makaranta.

Ranar farko ban kai ƙarshen layi biyu ba na ga duhu-duhu. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa, kafaɗuna suka ƙi ɗaga alli. Na sare gero ya fi ciyawa yawa. Kofur ya ce, "Da ƙugu ake turawa, ba da fushi ba." Amma ranar na cinye tuwon da matar hedimasta ta aiko har na suɗe kwano, na kwanta ban san inda kaina yake ba sai kiran salla. Rana ta biyar hannu ya fara kanta. Rana ta goma na gane wani abu: in na yi kamar rabin awa ina turawa ina jawowa, surutun da ke cikin kaina sai ya riƙa raguwa kamar kasuwa tana watsewa. Ɗan'azumi da baburinsa suna nan, Malam Bukar da igiyarsa suna nan, amma sun koma daidai girmansu, sun daina cika mini sararin sama.

A mako na uku mai duba makarantu ya zo daga Gumel ba sanarwa, ya shigo ajina ya zauna a baya da littafinsa. Da can da sai dai a ɗauke ni. Ranar zuciyar ta buga, ta buga, sannan ta koma wurinta ta zauna, na ci gaba da darasin kasafi kamar mutum. Na fito na gaya wa Kofur da murna. Ya ce, "Jikin ya saba da hura wuta ya kashe kowace safiya. Ya koyi hanyar dawowa."

Abu ɗaya ne Kofur bai koya mini ba, kuma ban ga laifinsa ba, don bai taɓa zaton akwai ɗan Adam da ya kai shekara ashirin da biyu bai san shi ba. Gonar makaranta shingen ƙaya gare ta. In ka kai ƙarshe, ƙaya ce za ta gaya maka. Ni a zatona haka duk gonakin duniya suke.

Ranar gayya ta kama Asabar. An yi ruwa mai kyau kwana biyu kafin nan, gero ya kai gwiwa, kore shar, ga ƙamshin jiƙaƙƙen yashi. Tun bayan farin da aka sha 'yan shekarun baya, mutanen ƙauyen ba sa wasa da ciyawa, don haka maza sun kai talatin, kowa da ashasharsa a kafaɗa. Ga Tanko makaɗi da gangar nomansa. Ga Malam Bukar a gindin tsamiya, kusa da shi wani siririn tsoho mai malfa da sanda yana ta tsokanarsa, shi kuma yana ramawa. Ban san tsohon ba, na ɗauka wani ɗan'uwansa ne.

Sai ga ƙarar babur. Ɗan'azumi ya sauko cikin shadda ruwan ƙasa, ya zube gaban Malam Bukar ya kwararo gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi dabbobi ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya raɗa musu suna, ya ba da labarin wani raƙumi da ya ƙi tsallaka iyaka. Na ga abin da ban taɓa gani ba: haƙoran Malam Bukar. Nan take wutar ta tashi. Ƙirji ya ɗauki daka, na fara duban hanyar da zan sulale.

Kofur ya matso ya ce a hankali, "Ta taso ko? Zuba ta a ƙasa. Kada ka ɗaga kai sai ta mutu."

Ban taɓa bin umarni irin yadda na bi wannan ba.

Aka jeru, kowa da layinsa, Tanko ya saki ganga. Na sunkuyar da kai na tura. Tura, jawo, taka. Tura, jawo, taka. Da farko ba na jin komai sai bugun zuciyata, can sai bugun ya haɗu da na gangar suka zama ɗaya. Gumi ya karyo. Na wuce na damana, na wuce na haguna. Sai na ji gangar ta matso bayana, Tanko yana kirari: "Na alli ya zama na ƙasa. Mai rubutu a bango, yau yashi ne allonka. Ɗan tela, ɗinke mana gona." Wani daɗi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa. Kaina ya yi wasai kamar an share ɗaki an yayyafa ruwa. Kuma da ɗakin ya zama fili, kun san wa ya shigo. Na ga Hurera cikin lulluɓi, na ga kaina ina jawabi, na ga Malam Bukar yana neman bakin rawani. Har na fara zaɓen sunan ɗanmu na fari.

A cikin wannan hali na ci karo da wasu ciyayi masu jan kara da faɗin ganye, a jere reras kamar 'yan fareti. Na ce a raina, lallai gonar nan ta lalace, har ciyawa ta samu sakewar yin layi. Ban tsaya kan waɗanda ke gabana ba. Saboda tsabar son a yaba, na bi su dama na kwantar, na dawo na bi su hagu na kwantar, sannan na miƙe gaba. (Na san yakuwa a miya, na san zoɓo a kofi, amma ban taɓa gamuwa da ita a tsaye a gidansu ba.) Na ji hayaniya ta tashi a bayana, na ce a raina jama'a sun ga aiki.

Gonar ta hau wani ɗan tudun yashi ta gangara. Da na gangara sai hayaniyar ta ɓace, saura ni da ganga. Ciyawar wannan ɓangaren kuwa ta fi ta baya yawa nesa ba kusa ba, na yi mamakin yadda Malam Bukar ya bar rabin gonarsa haka. Sai ga tsohon nan mai malfa a gefena, yana tafe yana dogara sanda.

"Sannu ɗana, sannu. Allah ya yi albarka. In ka kai gindin aduwar can, ka juyo ta nan, ta fi cinkushewa."

Na ce a raina, ga dangin amarya sun fara sona. Na kai aduwa na juyo. Ya nuna wani layin, na kama. Ya miƙo mini gorar nono mai sanyi, na kurɓa ban ko ɗaga ido sosai ba, na ci gaba. Layi na bin layi. Tun hantsi har rana ta take tsaka, ni da Tanko da tsoho. Ban taɓa jin natsuwa irin ta wannan wuni ba, kafin nan ko bayan nan.

Sai ganga ta yi shiru.

Na dogara ashasha ina haki, ina jiran yabo. Tsohon ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, "Madalla. Shekara talatin ina maƙwabtaka da Bamangen nan, bai taɓa aiko mini da ko ƙwayar wake ba. Yau ga shi ya aiko mini da malami sukutum."

Na ce, "Baffa, wace maƙwabtaka? Ba gonar Malam Bukar ba ce wannan?"

"Ta Bukar ai tun a yakuwa ta ƙare. Nan gonar Buba ce. Ni ne Buban."

"Wace yakuwa?"

Ya ɗaga sanda ya nuna bayana. Na juya.

A kan tudun nan, jama'ar gayya ce gaba ɗaya a tsaye, sun gama gonar Malam Bukar tuni, sun jeru suna kallo kamar an zo kallon ƙwallo. Matan da suka kawo fura da dambu su ma suna nan da ƙoransu. Ga Hurera ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ga Kofur ya cire hula ya rufe fuska. A tsakiya kuwa ga Inna, mahaifiyar Hurera, rungume da wani dami na jajayen ganye da suka yi yaushi. Ita ce take shuka yakuwa a kan iyakar gonar kowace shekara, yakuwar ce alamar iyaka, ita ce miyar gidan, kuma furenta ne zoɓon da take shanyawa na rani.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da na afka wa yakuwar mutane sun yi ca za su tsayar da ni, Malam Bukar ya ɗaga hannu ya ce, "Ta riga ta faɗi. Ku ƙyale shi mu ga inda zai tsaya." Shi kuwa Buba, Bafillace ne da ya zauna yana noma da kiwo, tsakaninsa da Malam Bukar akwai wasan nan na Fulani da Barebari, ba su taɓa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Da ya ga abin da Allah ya kawo masa, sai ya yi wa Tanko alkawarin ƙwaryar nono ya ce kada gangar ta huta.

Tsakanin aduwar Buba da kan tudun nan bai fi taku ɗari biyu ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Ina isa aka fashe. Ɗan'azumi, wanda shaddarsa ko ƙura ba ta taɓa ba, ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Da ba a tsayar da kiɗan nan ba, da yanzu mutanen Damagaram kake nome wa. In ka huta akwai tawa a Maigatari, ba ta da yakuwa." Wani ya ce a ƙirga yaran makaranta, kada a tarar na wani ƙauyen yake koyarwa.

Na tsaya ina jiran abin da na saba: dakan ƙirji, rawar hannu, mannewar harshe. A littattafaina, a irin wannan wuri jarumi suma yake yi, ko ya bar garin a motar farko. Na jira. Kunya dai tana nan, kunnuwana kamar an gasa. Amma zuciyar tana tafiya a hankali kamar shanun da suka dawo kiwo. Na dubi hannuna, ba ya rawa. Wutar da za ta hau kaina, duk na zube ta a gonar Buba, ko garwashi bai rage ba. Jawabin nan mai shafi biyu shi ma ya bi gumi. Abin da ya rage kawai shi ne abin da ke akwai.

Na ajiye ashasha, na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, ni na yi ɓarnar nan, ba kowa ba. Ban san yakuwa a gona ba, ɗan tela ne ni. Ki yafe mini. Zan nemo iri in sake shukawa da hannuna, in kuma ba ta yi ba, zoɓon gidan nan na bana a wuyana yake."

Ta dube ni, ta dubi damin da ke hannunta, ta ce, "Ka dai shuka. In ta tsiro zan kai ka ku gaisa, don gaba."

Na juya wajen Malam Bukar, ban tashi ba. Na ce, "Baba, na zo zaurenka sau biyu na kasa magana, tsoro ne ya hana ni. Ruwan da na ce an yi, ba a yi ba. Noma kuma kowa ya ga iyakar sanina. Abin da ke kawo ni, izini nake nema in turo iyayena daga Gumel a kan maganar Malama Hurera."

Matan suka sunkuyar da kai, Hurera ta ɓuya bayan wata gwaggonta. Malam Bukar ya dube ni ya ce, "Ashe akwai harshe."

Buba, wanda ya iso yana haki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba sai an je Gumel ba. Wanda ya nome mini gona ɗana ne. Kai Bukar, tashi ka gaida surukinka, ina nema wa ɗana 'yarka."

"Ku ji Bafillace," in ji Malam Bukar. "An yi masa noma kyauta, ya ba da nono rabin gora, yanzu kuma har ya haifi malami." Aka sake fashewa, amma wannan karon dariyar ba a kaina kaɗai take ba. Da ta lafa ya ce da ni, "Mutum ya yi kuskure a gaban jama'a ya tsaya ya ce ni ne, ba kullum ake samu ba. Ka gaya wa mahaifinka ina gida. Amma yakuwa tukuna."

Ɗan'azumi, in faɗi gaskiya, ya nuna shi ɗan kasuwa ne na ƙwarai. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Na yi ciniki da mutane iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya saye kaya da ɓarna ba sai kai." Ya sha furarsa ya hau baburinsa.

Ranar Litinin a bakin rijiyar makaranta Hurera ta ce, "Malam, a cikin littattafan nan naka, akwai wanda saurayi ya nome gonar maƙwabci?"

Na ce babu.

Ta ce, "To ka ga ka fi su."

Yakuwar ta biyu ta tsiro, ko da yake ba ta kai ta farko ba, kuma Inna ta cika alkawari, ta kai ni har iyakar gonar ta gabatar da ni a gaban mutane. Aka ɗaura aure bayan kaka. Har Allah ya yi wa Buba rasuwa, duk damina sai ya aiko a gaya wa ɗansa gona ta yi ciyawa. A ƙauyen kuwa babu wanda ya ƙara kirana da sunana, Na-Buba nake, har a bakin yaran da na koyar.

Shekaru da yawa bayan haka na ji likitoci a rediyo suna bayanin cewa motsa jiki yana koya wa ƙwaƙwalwa jure damuwa, da manyan kalmomi, na ce Allah ya ji ƙan Kofur, shi da ashasha ya yi nasa bayanin. Ban daina ba. Ranar da aka ba ni hedimasta, ranar da aka kwantar da ɗanmu na fari a asibiti, ranar da na yi ritaya na rasa abin yi da kaina, duk sai da na fita na zube wutar a ƙasa kafin in iya tunani. Yanzu gwiwa ba ta yarda da ashasha, sai dai tafiya bayan asuba har rigata ta jiƙe.

Abin da na koya dai shi ne, gumi yana sanyaya kai, wannan ba shakka. Sai dai kan da ya yi sanyi ba ya sanin iyaka da kansa, sai an ɗaga shi jefi-jefi an duba a gonar wa ake. Shi ya sa har yau, in na sa takalmi zan fita, sai in ji muryar Hurera daga madafa: "Malam, in ka ga jan ganye, ka juyo gida."